Digirin Digirgir a Lissafi Ba a Layi Biyu Ake Yin Sa Ba

Ina godiya ga shugabannin wannan zaure da suka ba ni filin wannan makon. Tun farko ina neman afuwar 'yar uwar da labarinta ya jawo wannan rubutu. Na sanar da ita, ta ce in yi, kuma ba zan kama suna ba, don ba ita kaɗai ke yin abin ba. Ni kaina na taɓa yi.

Kwanan baya ta turo min babi uku na farkon labarinta in duba mata. Hausarta tsaf, hirar masoyan ta zauna, har na fara jin kishi. Sai na iso inda ta gabatar da jarumin. Ɗan shekara 26 ne, dogo, kyakkyawa, ɗan attajiri, ya yi digirin digirgir a fannin lissafi a Ingila, ya dawo gida ya karɓi ragamar kamfanin mahaifinsa. Layi biyu, an wuce wurin. Daga nan har ƙarshen babi na uku lissafi bai sake leƙowa ba, ko da a zancen wasa. Da za a goge kalmar a sa likitanci ko aikin lauya ko tuƙin jirgin sama, babu waƙafi ɗaya da zai motsa a labarin. Digirin yana zaune ne a jikinsa kamar agogonsa da turarensa da motar da ya faka a ƙofar gidansu yarinyar.

Na tambaye ta me ya sa ta zaɓi lissafi. Ta ce don a san yana da ƙwaƙwalwa, kuma likitoci sun yi yawa a littattafai. Na yi dariya, don gaskiya ta faɗa. Amma abin ya tsaya min a rai, saboda a gidanmu akwai mai wannan karatun, kuma na san abin da yake ci.

Ra'ayina a taƙaice shi ne muna zaluntar waɗannan mutane a rubuce-rubucenmu, muna kuma zaluntar kanmu. Su mun mayar da wahalar shekarunsu ado. Mu kuma muna tsallake labari mai nama muna rungumar ƙashi.

Ɗan gwaggona ne, Yaya nake ce masa. Yana koyarwa a wata babbar makaranta, yana da mata da 'ya'ya uku, kuma bana shekararsa ta shida ke nan yana neman digiri na uku a lissafi a wata jami'ar ƙasar nan. A takarda shekara uku ne mafi ƙaranci ga wanda ya ba abin dukkan lokacinsa. A zahiri yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Sauran kuma rayuwa ce: aji mai ɗalibai fiye da kujeru, takardun jarrabawa da za a duba, rashin wuta, haihuwa, rasuwa, da malamin da ke duba aikinsa wanda ɗalibai suka yi wa yawa, babi ɗaya sai ya yi watanni a teburinsa.

Duk wannan wahala ce da mai neman digiri na uku a kowane fanni zai iya ba ka labarinta. Abin da ya bambanta lissafi wani abu ne daban, kuma sai da na zauna da Yaya sau da yawa kafin na gane shi.

Yawancinmu mun ɗauka mai digirin digirgir a lissafi shi ne wanda ya fi kowa saurin tarawa da ninkawa. In an je biki aka zo rabon kuɗi sai a ce a ba Yaya, ai malamin lissafi ne. Shi kuwa sai ya ciro waya kamar kowa, har ya fi wasu kuskure. Mai shagon unguwarmu ya fi shi saurin lissafin canji nesa ba kusa ba. Ba don wannan ake ba da digirin ba. Ana ba da shi ne in mutum ya zo da wata gaskiya ta lissafi da babu wanda ya taɓa tabbatar da ita a duniya, ya kuma kafa mata hujjar da ba ta da kafa ko guda. A digiri na farko ana ba ka tambayar da amsarta ke bayan littafi. A na biyu ana ba ka wadda amsarta ke wurin malaminka. A na uku babu wanda ya san amsar, har shi malamin, kuma babu wanda ya yi maka alkawarin akwai ta.

Kalmar hujja a nan ba irin ta gardamar majalisa ba ce, inda wanda ya fi murya ke cin nasara. Bari in nuna da abin da duk muka sani, wato hatimi. Ba maganar abin da ake yi da shi nake ba, wannan na malamai ne. Lambobin kawai nake so. Hatimi mai gida tara, a jera 1 zuwa 9 a ciki, ta yadda duk layin da ka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, jimilla ɗaya zai ba ka. Layin sama 4, 9, 2. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 8, 1, 6. Ko'ina 15.

Duk wanda ya taɓa zana shi ya san 5 ce ke zama a gidan tsakiya. To amma dole ne? Ko dai akwai wani jerin da wata lamba za ta zauna a wurin, mu ne ba mu gano shi ba? Kana iya kwana kana gwadawa kana kasawa, kasawarka ba ta tabbatar da komai ba. Ga yadda mai lissafi zai rufe maganar. In ka tara 1 zuwa 9 za ka sami 45. Layuka uku na kwance sun raba wannan a tsakaninsu daidai wa daida, don haka kowane layi dole 15 ne. Yanzu dubi gidan tsakiya. Layuka huɗu ne ke ratsa shi: ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, biyu a karkace. Jimillarsu 60. Waɗannan layuka huɗu sun taka kowane gida sau ɗaya tak, ban da na tsakiya da suka taka sau huɗu. Ke nan 60 ɗin nan ita ce 45 ta dukkan gidajen, da ƙarin lambar tsakiya sau uku. Rarar 15 ce. Raba ta uku, 5. An gama. Ba yau ba, ba gobe ba, babu mahalukin da zai zo da hatimi mai gida tara na 1 zuwa 9 wanda tsakiyarsa ba 5 ba ce.

Ranar da Yaya ya nuna min wannan a bayan takardar kuɗin wuta, wani abu na ji irin wanda nake ji in ƙarshen labari ya faɗo daidai inda ya kamata. Ku lura kuma, da Hausa muka yi shi daga farko har ƙarshe, ba mu ari kalma ɗaya ba. Masu cewa Hausa ba ta ɗaukar lissafi su sake dubawa.

To irin wannan hujjar ake nema a kundin digiri na uku, sai dai ba ta layi goma ba, ta shafuka masu yawa, kuma a kan abin da ba a taɓa yi ba. Aikin Yaya a kan lissafin da ke kwatanta yadda cuta ke yaɗuwa a cikin jama'a ne. Abin da yake son tabbatarwa shi ne, in wasu sharuɗɗa suka cika, cutar za ta mutu da kanta komai yawan waɗanda suka fara kamuwa. Wannan "komai yawan" ita ce ta hana shi barci. A shekararsa ta uku ya yi zaton ya gama. Ya rubuta, ya buga a kwamfuta, har ya yi wa Gwaggo albishir. Ya je gabatar da aikin a gaban malaman sashen, wani dattijo da ke zaune a baya, wanda kowa ya ɗauka gyangyaɗi yake yi, ya ɗaga hannu ya tambayi dalilin da ya sa layi kaza ya haifi layi kaza. Yaya ya buɗe baki zai amsa, sai ya ga ramin. A wannan gaɓar ya yi amfani da wani zato da ba ya tsayawa sai in masu cutar 'yan kaɗan ne. Wato ainihin abin da ya ce zai wuce, shi ya jingina da shi bai sani ba. Aikin wata takwas ya zube a kan tambaya guda.

Ya dawo gida ranar bai ci tuwo ba. Matarsa ta ɗauka rasuwa aka yi. Ta yaya zai yi mata bayani? Babu wanda ya zage shi, ba a kore shi ba, ba a sace masa komai ba. Layi ɗaya ne a shafi na arba'in da wani abu ya ƙi zama.

Bayan kusan shekara ya toshe ramin ta wata hanya. Yana cikin murna sai ya ci karo a intanet da takardar wasu masana a wata ƙasa da suka riga shi fitar da rabin sakamakon, watanni kaɗan kafin nan. A lissafi babu na biyu. In an riga ka, abin da ke hannunka ya tashi daga sabon ilimi ya koma bita. Dole ya sake faɗaɗa tambayar ya nemi abin da su ba su kai ba.

Yanzu ku gaya min, 'yan uwa, wannan ba labari ba ne? Ga buri, ga cikas, ga faɗuwa a bainar jama'a, ga abokin hamayyar da ba a taɓa ganin fuskarsa ba, ga iyali da ke ƙaunarsa amma ba su san da me yake faɗa ba. Ga Gwaggo da duk sallah sai ta tambaye shi, "Wai kai wannan makaranta taka ba ta da ƙarshe ne? Sa'anninka sun gina gidaje." Ga surukinsa da ya taɓa ba shi shawara cikin mutunci ya ajiye takardun ya zo a buɗe masa shago. Ga 'yarsa ta fari da aka haifa kafin ya fara, yanzu ita ke kai masa shayi tana ce masa Abba har yanzu aikin gidan naka bai ƙare ba? Mu kuma duk mun tattara wannan mun matse shi a layi biyu, don mu yi sauri mu isa wurin da jarumi zai fito daga mota yana gyara tabarau.

Na san abin da wasu za su ce, don an riga an faɗa min a wurin taron ƙungiyarmu. Na farko, masu karatu soyayya suke so, ba darasin lissafi ba. Na yarda. Ni ma ban ce a cika labari da alamomi da baƙaƙen Girka ba. Mai rubuta labarin mahauci ba sai ya koya mana fiɗa ba, amma muna so mu ji ƙarnin mayanka a rigarsa, mu ga yadda yake kallon sa a kasuwa ya faɗi nauyinsa. Haka mai lissafi. Mutum ne da za a yi masa magana yana kallonka amma ba ya nan. Yana tashi tsakar dare ya laluba biro. Aljihunsa cike da guntayen takardu da matarsa ta koyi kada ta wanke riga sai ta zazzage. Ba ya iya cewa "kullum" ko "babu wanda" cikin sauƙi, don sana'arsa ta koya masa misali ɗaya tak ya isa ya rushe irin wannan magana. Ku yi tunanin yadda irin wannan mutum zai yi zance da budurwa, ko yadda zai yi gardama da uwargida. Soyayyar ba ta ragu ba. Ta sami mutum ne a cikinta maimakon hoton kalanda.

Na biyu, an ce min labari ai mafarki ne, mutane suna karantawa don su huta da talaucin da suke ciki, me ya sa zan kawo musu malamin makaranta mai tsohon babur? Wannan ya fi na farko nauyi, kuma ba zan ce babu gaskiya a ciki ba. Amma mu tuna su wa ke karanta mu. Da yawa 'yan sakandare ne da 'yan shekarar farko a manyan makarantu, mafi yawansu mata, suna karantawa a waya bayan isha. Daga wurinmu suke ɗaukar hoton abin da ake kira nasara. In duk dakta a littattafanmu ɗan attajiri ne da ya tafi Turai ya dawo da digiri kamar tsaraba, to mun gaya wa yarinyar da ke cin lissafi a aji cewa wannan hanya ba ta irinta ba ce, ta masu kuɗi ce, kuma ta maza. Alhali ko a ƙasashen wajen ba haka abin yake ba. A Amurka, alal misali, yawancin masu digiri na uku a lissafi ba biya suke yi ba, jami'a ce ke ɗauke musu kuɗin makaranta ta ba su ɗan alawus suna koyar da ƙananan ɗalibai, su yi shekara biyar ko shida suna lallaɓa rayuwa. Akwai cibiyar AIMS da aka kafa a Afirka ta Kudu a 2003, mai rassa a Senegal da Ghana da Kamaru da Ruwanda, wadda ke ɗaukar 'yan Afirka su yi digiri na biyu a kimiyyar lissafi kyauta, da yawa daga can suke wucewa na uku. A gida kuma asusun TETFund yana ɗaukar nauyin ƙarin karatun malaman manyan makarantun gwamnati, duk da ba kowa ke samu ba. Jarumar da ta bi ɗaya daga waɗannan ƙofofi daga gidan da ba su da komai, ita ma ai mafarki ce. Bambancin kawai, nata mafarkin yana da hanyar da mai karatu zai iya bi.

Na uku shi ne wanda ya ɗan yi min zafi. Wani ya ce, kai da difloma ce da kai daga kwalejin fasaha, ina ruwanka da digirin digirgir? Gaskiya ne. Ni in na ce zan bi sahun Yaya, sai na haura matakala uku ko huɗu kafin ma a karɓi takardar neman gurbina, kuma ba ni da niyya. Amma marubuci da ba zai rubuta sai abin da ya yi da kansa ba, ya takura kansa. Cikinmu nawa ne suka taɓa zama sarki, ko ɗan fashi, ko matar gwamna? Muna rubuta su kullum. Abin da ake bukata shi ne mutum ya je ya zauna da masu abin ya yi tambaya, ya yi shiru ya saurara. Sashen lissafi yana nan a kowace jami'a da kwalejin ilimi da ke kusa da kai, kuma ina tabbatar muku, waɗannan bayin Allah ba su saba wani ya zo yana son jin labarinsu ba. Ka tambayi ɗaya a kan me yake aiki, sai ka nemi hanyar tsira.

Wani abin da ke ba ni haushi shi ne yadda muke ɗaukar wannan fanni kamar baƙo ne a ƙasarmu, shi ya sa dole jarumi ya je Landan ya ɗauko shi. Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashnawi, malamin Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 a kan hanyoyin gina hatimai masu gidajen mara, wato uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai da sama. Ya yi hajji, ya zauna a Alƙahira yana koyarwa, a can ya rasu a 1741, kuma har yau masu tarihin lissafi a Afirka suna ambatonsa. Mutum ya tashi daga Katsina a ƙafa da bayan raƙumi, ya ƙare malaman Masar suna ɗaukar karatu a wurinsa. Wa ya rubuta mana labarin wannan tafiya? Ɗan Najeriya na farko da ya sami digiri na uku a lissafi, Chike Obi, a Zariya aka haife shi a 1921, ya kuma samu a Cambridge a 1950. Farfesa Iya Abubakar, ɗan Belel a Adamawa, shi ma a Cambridge ya yi nasa, ya dawo ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello har ya shugabance ta daga 1975 zuwa 1978. Grace Alele-Williams ta sami nata a Chicago a 1963 a fannin koyar da lissafi, daga baya ta zama mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Najeriya. Kuma in muka koma ƙasa, malamin zaure da ke raba gado tsakanin mata da 'ya'ya da iyaye, yana fitar da tumuni da sudusi ba tare da haƙƙin kowa ya salwanta ba, lissafi yake yi. Littafin al-Khwarizmi da aka samo kalmar aljabara daga sunansa, babban ɓangarensa a kan matsalolin gado da wasiyya ne.

Akwai kuma abin da na so ya shiga kunnenmu mu masu alƙalami musamman. Maryam Mirzakhani, 'yar Iran, mace ta farko da ta ci lambar Fields, wadda ake ɗauka ita ce kambun lissafi mafi daraja, tana yarinya burinta ta zama marubuciya. Littattafan labari take karantawa, ba na lissafi ba. Ta yi digirinta na uku a Harvard ta gama a 2004, ta ci lambar a 2014, ta rasu a 2017 tana da shekara 40. An san ta da shimfiɗa manyan takardu a ƙasa tana zane a kai sa'o'i, har 'yarta ƙarama ta ɗauka zanen hoto ne aikin mahaifiyarta. June Huh, wanda ya tashi a Koriya ta Kudu, barin sakandare ya yi don ya zama mawaƙi mai rubutacciyar waƙa. Waƙar ba ta karɓe shi ba. Sai a ƙarshen karatunsa na jami'a ya shiga ajin wani babban malamin lissafi ɗan Japan, Heisuke Hironaka, ya kamu. Da ya nemi gurbin digiri na uku a Amurka kusan duk jami'o'in suka ƙi shi. Ya gama a Michigan a 2014, ya ci lambar Fields a 2022.

Ban kawo su don in ce marubuci da mai lissafi abu ɗaya ba ne. Ba ɗaya ba ne, kuma akwai wurin da suka fi mu gaskiya, dole a faɗa. Mu in labari ya sami rami, sai mu yi masa ciko da haɗarin mota ko mu aiko da aljani, masu karatu su yi ta turo yabo. Su ba su da wannan gatan. Rami ɗaya, duk ginin ya tafi, kuma akwai dattijon da ke zaune a baya. In an gama da na gida, sai a kawo mai jarrabawa daga wata jami'ar, wanda ba ya jin kunyar kowa, ya karanta kundin ya zaunar da mutum ya yi ta tambaya da baki. Ina ma a ce kowane labari da muke saki a WhatsApp babi-babi yana da irin wannan dattijo kafin ya fita. Su ma dai, kada in yi musu kwalliya fiye da kima, suna da nasu ciwon. Akwai mujallun da kuɗi kawai suke karɓa su buga komai ba tare da wani ya duba ba, kuma akwai masu bin wannan gajeriyar hanya don a ce sun wallafa. Yaya yana ce musu 'yan kasuwa. Na ce masa mu ma muna da irinsu, har da bikin ƙaddamarwa.

Ba na kuma so wani ƙaninmu ya karanta wannan ya ɗauka ina tura shi ne. Digiri na uku a lissafi ba hanyar arziki ba ce a nan, kuma duk wanda ya shige shi don a kira shi dakta kawai, shekara ta biyu za ta tona shi. Na taɓa tambayar Yaya ko ya yi nadama. Ya daɗe bai amsa ba. Sannan ya ce daren da ya toshe ramin nan, wajen ƙarfe uku, da fitilar waya, ya zauna shi kaɗai ya san wani abu da a lokacin yake zaton babu ɗan Adam da ya sani sai shi. Ya ce ya rasa wanda zai tasa ya gaya wa, sai ya yi alwala ya yi nafila. Na rubuta wannan a littafin ajiyata tun ranar, ina jiran labarin da zai dace da shi. In wani ya riga ni, halal.

'Yar uwar tamu ta sake turo babin farko shekaranjiya. Jarumin yanzu shekararsa 34, yana shekara ta biyar a karatun, kamfanin mahaifin ya ɓace, motar ta koma babur. Ta je ta yi hira da wata malamar lissafi a garinsu har sau biyu, kuma ta ce tana tunanin mayar da karatun kan jarumar gaba ɗaya, namijin ya zama shi ne mai jira. Kukanta ɗaya, wai yanzu ta rasa yadda za ta yi uwar yarinyar ta yarda da auren, babi uku sun zama bakwai kuma ba a kai ga gaisuwar iyaye ba.

Shi kuwa Yaya an tura kundinsa wurin mai jarrabawa na waje tun kafin azumi, ana jiran a sa rana. Gwaggo ta riga ta fara ce masa Dakta. Duk lokacin da ta faɗa sai ya ce, "Inna, ba a tabbatar ba tukuna."